Sawun Ummi a Kan Siminti

Ranar da Ummi ta fito daga robar wanka ta taka siminti, ubanta ya ga sawun jiƙaƙƙun ƙafafunta. Tafin a shimfiɗe yake tun daga dunduniya har yatsu, babu ko 'yar lanƙwasa a tsakiya. Irin nasa sak.

Shi ya san abin da ƙafar nan ta yi masa. Tun yana yaro ake kiransa Agwagwa. Yanzu gadi yake a ƙofar kanti, wuni a tsaye, ya dawo gida yana dafa bango, dunduniya kamar an soka ƙusa. Ya rantse 'yarsa ba za ta gaji wannan azaba ba. Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gogan naka ya ɗauki maganar a zahiri.

Ya yanko guntayen tiyo, ya kara a tsakiyar kowane tafi, ya ɗaure da bandeji tamau. Ummi, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta tsala ihu.

"Baban Ummi, ka ji tsoron Allah," in ji matarsa. "Ƙafa ce ko rodin gini?"

"Gara ta yi kuka yau, da ta yi irin nawa har tsufa."

Kullum kafin ya fita aiki sai ya ɗaure. Kuka ya ragu, ya ce an fara sabawa. Ashe tafiyar ce ke raguwa. Yarinyar da ke zagaye ɗaki tana kifar da kwanuka ta koma rarrafe. Daga baya ko an tsayar da ita sai ta naɗe ƙafafu ta zauna daɓas.

Hankalinsa ya tashi. Ya saɓa ta a kafaɗa, yana ɗingishi, sai asibiti. Likita ta kwance bandejin, ta ga fata ta saluɓe, ta dubi ƙafafunsa shi ma.

"Malam, yara ƙanana ai haka tafinsu yake, kitse ne ya cike wurin. Yawanci sai sun tasa lanƙwasar ke fitowa. Kai ne mai buƙatar shimfiɗar cikin takalmi da motsa ƙafa."

"Za ta sake tafiya?"

"Ciwon zai warke. Tafiya kuwa sai ranar da ta daina tsoro."

A gida ya durƙusa tsakiyar ɗaki, ya miƙa hannu biyu.

"Taho, Mamana. Wallahi na daina. Taso ki zo wurin Baba."

Ummi ta dubi hannuwan nan. Ta ja da baya a zaune, ta cusa ƙafafunta biyu ƙarƙashin zanen uwarta.