Ƙi-Binnuwa Ya Buga Waya Gidan Rediyo

Kafin 'yan jarida su gani, kafin 'yan majalisa su fara ɗaga hannu a kai, Ƙi-Binnuwa ya riga kowa gani. Ya gani tun 'yarsa Auta ba ta fi guga tsayi ba. A lokacin haƙar rijiya yake yi, kuma duk wanda ya taɓa nutsawa cikin ƙasa ya san muryar mutanen sama ba ta isowa da ƙafafunta, sai dai gunji kamar ana magana a cikin tulu. Amma in Auta ta leƙo ta ce, "Baba, Inna ta ce ka fito ka ci abinci," kowace kalma garau take sauko masa. Ran nan ya fito ya gaya wa uwarta, Allah ya jiƙanta, cewa bakin yarinyar nan zai ciyar da ita, kuma zai jawo mata ido. Uwar ta ce ya je ya wanke laka tukuna. To, ga shi duka biyun sun tabbata.

Sunan nan nasa kuwa ba a kasuwa ya saya ba. Rijiya ce ta rufta da shi, maza suka yi ta haƙa har suka sare, mata suka fara yi wa matarsa gaisuwa. Sai ga shi an jawo shi ta ƙafa, yana tofar da ƙasa yana tambayar wa ya ɗauke masa takalmi. Bai taɓa zama a aji ba, bai kuma ji ya rasa komai ba. Yakan ce masu karatu a takarda suka san ƙasa, shi kuwa ya ɗanɗana ta.

Auta ta girma ta zama mai gabatar da shirin safe a gidan rediyon ƙasa, shirin da talaka ke buga waya ya faɗi abin da ke cin ransa. Gidan na kowa ne, don harajinsa a kan kuɗin wuta ake ɗora shi, ko kana saurare ko ba ka saurare. Ministoci sun sha yin gumi a gabanta. In ta yi musu tambaya suka kewaye, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, tambayar tana nan inda ka bar ta." A irin wannan rana Ƙi-Binnuwa sai ya zagaya unguwa har sau biyu, don wanda bai same shi a zagayen farko ba ya samu damar yi masa barka.

Yana kan kujerar Mai Aski, an yafa masa ƙyalle, rana ta take, aka fara labarai. Majalisa ta tilasta wa gidan rediyon ya faɗi albashin manyan ma'aikatansa, gidan kuma ya karanto da bakinsa. Sunan Auta ya fito kusa da na shugaban gidan. Mai Aski ya kashe injin aski.

"Baba, ashe uban attajira nake yi wa ragi duk shekarun nan."

"Ci gaba da aikinka, ɗan nan. Ka bar ni da rabin kai kamar wanda ya tsere daga hannun mahaukaci."

"Ai dole hannuna ya yi sanyi. 'Yata aikin jinya take yi, a tsaye take kwana kan marasa lafiya. Abin da take gani a shekara bai kai na Auta na wata ba. Ita kuwa magana kawai."

"Magana kawai? Kai tun safe kake zuba a shagon nan, wa ya taɓa kunna ka?"

Masu jiran layi suka yi dariya. Mai Aski bai yi ba. Ya busa bakin injin, ya ce, "In na ɓata wa mutum kai, gobe ya canza shago. Ni ina zan canza? Ko na kashe rediyo, takardar kuɗin wuta ba ta fasa zuwa."

Ƙi-Binnuwa ya buɗe baki, sai gashi ya shigar masa maƙogwaro. Gashi ne, ba rashin amsa ba. Ya yi ta tari har aka gama askin.

Da yamma ya tafi gidan Auta. A bene take zaune, shi kuwa mutumin da ya yi rayuwarsa yana sauka ba ya shiri da hawa. Ya same ta a falo, cikin kujerun nan masu haɗiye mutum, wayarta a kife a kan tebur tana ta ƙugi kamar ƙudan zuma a kwalba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa shayi, idonta ya yi ja.

"Baba, gobe zan yi shiri a kan maganar albashin nan, kowa ya bugo ya zage ni son ransa. In na gama zan ajiye musu aikinsu."

"Ki ajiye ki tafi ina?"

"Mai kamfanin siminti ya buɗe tashar rediyo. Ya daɗe yana nema na. Zai ba ni fiye da wannan, kuma ba mai karanto ni a labarai kamar ɓarauniya."

"In ƙurar simintinsa ta toshe wa mutane ƙirji, wa za su buga wa waya? Ke?"

Ta sunkuyar da kai. "Yau mai kayan miya ta ƙi karɓar kuɗina. Ta ce in riƙe, ai nata ne dama. Jikokinka sun dawo daga makaranta suna kuka. Ni ban saka wa kaina farashi ba, Baba. Tsoron kada masu kuɗi su ɗauke ni ya sa aka yi ta ƙara min." Ta ɗago ta dube shi. "Kai ma kana ganin ya yi yawa?"

Ya kurɓi shayi. Haƙoran da ya kama bakin kofin da su ita ta sa aka dasa masa. Rufin ɗakinsa ita ce, maganin bayansa ita ce. Ya ce shayin ya yi zafi, ya miƙe ya nemi sandarsa.

"Kuma don Allah kada ka bugo gobe," ta ce a bakin ƙofa. "Dokar gidan ta hana dangin ma'aikaci shiga shiri. Mai karɓar waya ma ta san lambarka."

Da ba ta faɗa ba, wataƙila da bai tuna ba. A kan matakalar nan, yana sauka ɗaiɗai, ya yanke shawara: yarinyar nan ba za ta koma aljihun mutum ɗaya ba, ko da haƙoran bakinsa za a biya.

Washegari Mai Aski yana ɗaga ƙofar shago ya tarar da shi zaune a kan benci.

"Gashin ya sake tsirowa ne, Baba?"

"Wayarka nake so. Tawa an san ta."

Mai Aski ya gane inda aka dosa, ya kuma ga alamar kallo kyauta. Ya kunna rediyo ya ƙure murya, ya danna lambar da hannunsa. Kafin layi ya shiga shago ya cika, har mai gyaran takalmi ya bar rumfarsa ya zo ya tsaya a ƙofa. A rediyo ana ta yi wa Auta wankin babban bargo. Wani ya ce ta ji tsoron Allah, wata ta ce in an raba kuɗin nan za a gyara asibiti guda. Ita kuwa sai dai ta ce, "Mun gode, mun ji," muryarta a shimfiɗe kamar ta mai sallama.

Layi ya shiga. Mai karɓar waya ta tambayi suna.

"Mai biyan kuɗin wuta," in ji shi, ya matse hanci don ya sauya murya.

"Daga ina?"

"Daga inda ake biya."

Ta ce ya jira, ya kuma kashe rediyonsa. Ya yi kamar bai ji ba. Ina amfanin mutum ya yi magana a rediyo bai ji kansa ba?

To, ashe gidan rediyo yana da wata dabara. Ba sa sakin muryar mai waya nan take, sukan ɗan riƙe ta kaɗan, don in ya yi ashar su datse kafin ta fita. Ba wanda ya taɓa gaya wa Ƙi-Binnuwa haka, don shi ba ya cikin masu ashar.

"Mai sauraro, barka da safiya, muna jin ka," in ji Auta a kunnensa.

"Ina da magana a kan kuɗin nan," ya ce ta hanci. Ya ja numfashi zai ɗora, sai ya ji wani ƙato a rediyo, da wata murya kamar ta agwagwa, yana cewa, "Ina da magana a kan kuɗin nan."

Ya dubi akwatin. "Malam, ka jira layinka."

"Malam, ka jira layinka," in ji na cikin rediyo.

"Ni kake kwaikwayo?"

"Ni kake kwaikwayo?"

Mai Aski ya cusa ƙyallen aski a baki. Ƙi-Binnuwa ya saki hancinsa, ya miƙe tsaye, ya nuna rediyon da sanda.

"Kai, ko wane ne kai, ba ka san da wa kake yi ba. Ni ne Ƙi-Binnuwa. Ƙasa ta haɗiye ni ta kasa taunawa. Yarinyar da ke zaune a gabanka ni na haife ta."

Wasu sun ce ɓaram-ɓarama ya yi. Waɗanda suka san shi sun san da gangan ne, don namiji ba ya faɗin gaskiya ta hanci. Mai gyaran takalmi ya miƙa hannu ya kashe rediyon, aka sa wayar a amsa-kuwwa don kowa ya ji.

"Mai sauraro," in ji Auta a hankali, "dokar gidan nan..."

"Dokar ta ce dangi. Ni ba da dangantaka na zo ba. Ina biyan kuɗin wuta, ashe ina cikin iyayen gidanki. Ki datse ni in kina datse sauran."

Ba ta datse ba.

"Jiya kin tambaye ni, shayi ya hana ni amsawa. Ya yi yawa, Auta. Ni da na ci a ciki na faɗa. Haƙoran da nake wannan magana da su da kuɗin aka saya, jama'a ku ji, naku ne, in kuna so ku zo ku cire. 'Yar Mai Aski tana kwana a tsaye a asibiti. Direban da ke ɗauko ki kafin gari ya waye ya riga ki tashi. Ba ki fi su nesa haka ba. A rage."

"Faɗa musu, Baba," in ji Mai Aski, ya manta ana jin sa a ko'ina.

"Kai kuma rufe min baki, ban gama ba. Rijiyar gari in ta yi laka, yasa ake yi. Ba a binne ta a koma sayen ruwa wurin mai tanki. Kun yi ta jifan yarinyar nan, yau in ta tashi daga kujerar nan gidan mai kuɗi za ta, ku kuma ku buga waya can ku ga wanda zai ɗauka. Ku rage mata, wannan haƙƙinku ne. Amma ke, mu muka ɗauke ki aiki, kuma ni ban sallame ki ba."

Shiru a rediyo babban laifi ne, kowane ma'aikaci ya sani. Auta ta bar shirun ya yi tsawo har Mai Aski ya duba ko kuɗin wayarsa ne ya ƙare. Sannan aka ji ta gyara murya.

"Mai sauraro ya faɗi abin da ban shirya faɗa ba, kuma gaskiya ne, na yi niyyar tafiya. Gobe ina nan. Zan gayyato shugaban gidan nan ya zauna a wannan kujera ya gaya muku yadda ake yanka albashi, nawa da nasa. In ya kewaye, tambayar tana nan." Sai ta ƙara da cewa, "Baba, ka mayar wa mai waya wayarsa."

Ba a ƙare da tafi ba. An kira ta ofis an yi mata faɗa a kan karya doka. An rage albashin manya bayan ja-in-ja mai tsawo, nata ya ragu har ta bar benen nan ta koma gidan ƙasa, abin da ya yi wa gwiwoyinsa daɗi. Ta daɗe tana gaishe shi a taƙaice, don ya tona mata asiri a gaban duniya. Maganin baya ya koma mai araha, mai ɗacin tsiya. Mai Aski har yau cewa yake ragin bai kai ba, direba kuma ba a ƙara masa abin kirki ba. Ƙi-Binnuwa ya ce wannan shi ne aikinsa na gaba, yana dai jiran wayar da ba a san lambarta ba.

Amma mai siminti bai same ta ba. Wanda ya ce ƙarya ne, ya kunna rediyo gobe da safe. In muryar da ya ji ba tata ba ce, ya zo ya sami Ƙi-Binnuwa a benci, da shaidu, ya faɗa masa ido da ido.