Tsakin Baba

Shekara uku da rasuwar Baba, amma tsakinsa bai bar shagon ba. Da Auta ya ɗora zarto a kan katako sai ya ji shi ta bayansa, dogo, daidai inda tsohon yake tsayawa. In ya waiwaya ba kowa, sai rigar aikin Baba rataye a jikin ƙusa. 

Auta fa ba yaro ba ne, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Amma tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ranar da ya ɓata wani katako ya ji tsakin nan a bayansa, ko waiwayawa bai yi ba ya yanke wa kansa hukunci: Baba da baiwarsa aka haife shi, shi kuwa hannunsa ba na aikin ƙwarai ba ne. Shi ke nan ya tsaya a benci da tebur, a buga ƙusa a wuce wurin.

A lungun shagon akwai kujerar da Baba ya fara yi wa Inna bai ƙarasa ba, irin wadda ba ƙusa ko ɗaya a jikinta. Sai dai a fere harshe a wannan katako, a huda rami a wancan, su shige juna cif. Hannu ɗaya ya rage. Ga Inna, kullum jiki ƙara yin baya yake.

"Auta, so nake in zauna a kujerar nan kafin a kira ni," in ji ta.

"Inna, ni ban iya ba."

"Yo shi Baban naka a ciki ya koyo?"

Kunya ta kama shi. Washegari, kafin ya karɓi aikin kowa, ya ɗauki guntaye biyu ya gwada haɗi ɗaya. Ramin ya yi faɗi, harshen yana ta lilo a ciki. Tsaki ya zo. Ya cije, ya jefa a kwali. Kowace safiya haka, ɗaya tak, da tsakin da komai. Wata rana ya ɗan kama, wata rana katakon ya tsage.

Bayan wata biyu kwali ya cika. Yana neman inda zai tura shi ya ja tsohon kabad ɗin Baba, sai ga buhu uku a bayansa, duk ƙura. Ya kwance ɗaya. Guntaye ne, karkatattu, tsagaggu, wasu ma sun fi nasa muni, kowanne da kwanan wata da rubutun Baba. Na saman, mako ɗaya ne kafin rasuwarsa.

Ya kai wa Inna guda.

"Au, ka gano shirmen Malam?" Ta yi murmushi. "Kullum da safe sai ya yi ɗaya, ya juya shi, ya yi wa kansa tsaki. Shekara arba'in ina fama."

"Kansa yake yi wa?"

"To da wa zai yi wa?"

Auta ya zuba wa guntun katakon ido. Shekara talatin ya yi yana gudun tsakin da ba nasa ba, don kawai bai waiwaya ba.

Sai da ya ƙara wata guda yana cika kwali kafin ya taɓa kujerar. Ranar da ya gama, ya ɗauko ta a ka har ɗakin Inna, ya tallabe ta ya zaunar. Ta jingina, ta lumshe ido, tana shafa hannun kujerar. Shi kuwa ya durƙusa yana duba haɗin, ya hango wata 'yar kafa da ko allura ba za ta shiga ba. Bai san sa'ad da ya ja tsaki ba.

Inna ta buɗe ido firgigit, ta gyara ɗankwali, ta dubi ƙofa.

"Malam?"

"Ni ne, Inna," in ji Auta.