Fatar Marainiya

A ƙauyen su Abdulmumini, gabas da Makoɗa, ba a bar wa dabba wurin sa ƙafa ba. Gona ce jingine da gona. Ko burtalin da kakanni suka bari, garma ta yi ta gutsurarsa har ya koma hanyar keke. Don haka da zarar ruwan shuka ya sauka, mai saniya sai ya danƙa ta ga makiyayi ya yi arewa da ita, can ƙasar Nijar inda daji ke da faɗi. Bayan girbi su dawo, a ɗaure su a gona, su ci kara su zuba taki. Da wannan takin gonar Abdulmumini take numfashi, don rabonsa da takin zamani tun shekarar da aka ce yaƙin Rasha ya sa buhu ya fi ƙarfin talaka.

Shanun gidansa biyu ne, kuma na matarsa Hure ne. Saniyar gadonta ce daga mahaifinta, shi ya sa take kiranta Marainiya, sai karsanar da ta haifa. Shekara shida ke nan Zubair, wani Bafulatani mara yawan magana, yana tafiya da shanun gidan yana dawowa da su, ko ƙaho bai taɓa karyewa ba.

A wannan daminar, gero na shirin fitar da kai, sojoji suka yi juyin mulki a Nijar. Kafin mutane su gama tambayar me ya faru, an rufe iyaka, an yanke wa Nijar wutar lantarki, rediyo kuma ba ta da zance sai na yaƙi. Abdulmumini bai damu sosai ba. Rigimar manya ce, in ji shi, ina ruwan saniya da ita.

Yana cikin yankan gero waya ta yi ƙara a aljihunsa. Zubair ne, muryarsa na yankewa.

"Malam Abdu, ciwon huhu ya shiga garke. Nan babu magani. Na rigakafi ya lalace tun da aka ɗauke wuta, allurar kuma daga wajenku take zuwa. Ka sayo min, ka kawo bakin daji bayan Ɓaɓura, wajen tsamiyar da muke yada zango. Zan zo da ƙafata."

"Marainiya fa?"

"Tana ci tukuna. Amma kada ka daɗe."

Ranar Lahadi ya je kasuwar Ɗambatta ya sayo kwalabe huɗu. A hanyar dawowa tayar babur ɗinsa ta sace, ya tsaya wajen Tahir mai faci. Tahir ɗin nan rediyo ba ta barin wuyansa, har mutanen gari suna kiransa Majalisar Ɗinkin Duniya. Da ya ji inda Abdulmumini zai nufa, sai ya ajiye tayar ya riƙe haɓa.

"Ta daji? Da kwalaben allura a jaka? Kai, Abdu, ashe ka gaji da matarka. Soja ya tare ka, me za ka ce masa? Na saniya ne? Cewa zai yi 'yan bindiga kake kai wa. Na can su kama ka su ce ɗan leƙen asiri ne, na nan su kama ka su ce ɗan sumoga ne."

"To ya zan yi, Majalisa? Dabba ba ta san takunkumi ba."

"Ka jira Juma'a. Manya na zama, na ji da kunnena. Juma'ar nan za a buɗe iyaka, ka bi titi da rana tsaka kamar ɗan halak."

Wani tsoho da ke jiran kekensa ya ce, "Kai da ka ce mana yaƙin Sudan ba zai kai sati biyu ba."

"Baba, wannan ai su ne ba su bi tsari ba," in ji Tahir, aka yi dariya.

Abdulmumini ma ya yi dariya, amma maganar sojan ta zauna masa a ciki. Shi mutum ne da ko ɗan sanda ya gani a kan titi sai ya sauka daga babur ya gaishe shi. Ya zo gida ya tura kwalaben ƙarƙashin rumbu. Da Hure ta tambaya, ya ce an kusa kaiwa.

Juma'a ta zo ta wuce. Tahir ya ce an ɗage zaman ne, wata Juma'ar babu makawa. Ita ma ta wuce. Sau biyu Zubair ya kira, Abdulmumini ya kalli wayar har ta gaji ta yi shiru, yana gaya wa kansa cewa in ya ɗauka ma ba ji za su yi da kyau ba. Aka ɗaure gero, aka shiga cirar gyaɗa, aikin ya ba shi wurin ɓuya.

Ranar da kwalaben suka cika kwana ashirin, Hure ta kawo masa koko da safe. Ta ajiye kwanon, sannan ta jera kwalaben huɗu a gefensa, ta goge musu ƙasa da bakin zaninta.

"Kaza ce ta tono su, Malam," ta ce. "In hanyar ta fi ƙarfinka, ka faɗa min in nemi mayafina."

Bai sha kokon ba. Ya kira Zubair, ya hau babur.

Tafiyar da ya yi kwana ashirin yana tsoro ba ta ci masa rabin yini ba. Bayan Ɓaɓura ya bar titi ya bi sawun amalanke. Ya wuce mata ɗauke da ƙullin kaya, ya wuce masu babura da jarkoki, kowa na harkar gabansa. Soja ɗaya ya gani, daga nesa, zaune a inuwa yana cin rake. Ko ɗaga kai bai yi ba.

Zubair na zaune a gindin tsamiyar. Ya rame, leɓensa ya tsage. A gabansa akwai wani abu naɗe da igiya. Abdulmumini na ganinsa ya san ko mene ne, don ƙa'idar kiwon amana ce: in dabba ta mutu a hannun makiyayi, sai ya kawo wa mai ita fatar, ya ga shaidar da idonsa, kada zargi ya shiga tsakani.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, kowa na jan ta. Sannan Zubair ya kwance igiyar ya shimfiɗa. Fara ce, da baƙin tabo a wuya, ga tsagar gidan su Hure a kunnen hagu.

"Na samu na yanka ta kafin ta cika," in ji Zubair. "Yau kwana tara. Nawa goma sha ɗaya ne suka tafi."

"Zubairu, ni ne na..."

"Allah ne ya yi. Kawo maganin."

Ya miƙa masa. Zubair ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba ta a rana, ya zuba su a jakarsa.

"Karsanar fa?"

"Ta fara tari shekaranjiya. Zan yi mata. Wataƙila."

"In ta tashi, ka kawo min ita ko ita kaɗai ce. Gonar nan in ba ta sha taki bana ba, baɗi ko irin ba za ta mayar ba."

Zubair ya girgiza kai. "Mutum ɗaya da jaka yana wucewa, ka gani da idonka. Garke ba ya ɓuya. Waɗanda suka gwada, wasu an kora su baya, wasu har yau suna neman shanunsu. Kuma wa zai bar ni in shiga gonarsa da dabba mai tari? Gabas zan yi, wajen rijiyoyi. Bana kada ka sa ido a hanya."

"Sai yaushe?"

"Ka tambayi masu rediyo."

Ya miƙe, ya saɓa sandarsa, ya yi arewa. Abdulmumini ya naɗe fatar ya ɗaure a bayan babur. Duk hanya warinta na biye da shi.

La'asar ta yi sanyi ya iso gida. Hure na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta kalli abin da ya sauke, ta kakkaɓe hannunta, ta kwance da kanta. Ta daɗe riƙe da kunnen, tana shafa tsagar da babban yatsa.

"Ita ce," ta ce. "Ƙaramar fa?"

Ya so ya ce tana nan lafiya. Bakinsa ya ƙi.

"Tana tari."

"Wannan yaushe ta mutu?"

"Kwana tara."

Hure ta dubi gindin rumbu, inda kwalaben suka yi kwana ashirin. Ya ga leɓenta na motsi, yatsunta na naɗewa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai inda za ta kai ta tsaya. Ya jira ta yi kuka, ko ta yi masa faɗan da maƙwabta za su ji, ya samu abin da zai amsa. Sai ta jawo kwandon gyaɗarta gabanta.

"Akwai ruwa a buta," ta ce. "Lokacin salla na wucewa."