Ambulan da Ke Ƙarƙashin Kujera

Tun kafin motar ta fita Daura Kulu ta buɗe kwanon fura. Ɗanta na fari, Zailani, ya leƙo ta madubi.

"Inna, ba yanzu kika karya ba?"

"Tuƙa motarka, kai dai."

Ya ce zai kai ta wani tsohon gari a bakin tafki, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wai yana sassauta ciwon gwiwa. Kulu ba yarinya ba ce. Maƙwabciyarta Maimuna ma da sunan biki aka fita da ita, ta dawo da ƙafa ɗaya. Kuma da idonta ta ga ya cusa ambulan asibiti ƙarƙashin kujera. Ta ji an ce likita ba ya yanka mai cikakken ciki, don haka ta ci alwashin bakinta ba zai huta ba. Ta sha fura, ta bi da ƙosai, ta ɗora dabino, har numfashi ya soma yi mata wuya.

Da la'asar suka isa. Ga tafki, ga tururi na tashi bayan wata tsohuwar katanga, babu ko warin allura. Duk da haka ba ta yarda ba. Da ya tafi neman masauki, ta zaro ambulan ta ɓoye a mayafi.

A ɓangaren mata ta tsoma ƙafafu cikin ruwan zafin. Ɗumin ya ratsa gwiwar, har ta ji haushin daɗinsa. Ta miƙa wa wata budurwa takardar.

"'Yata, karanta mini. Yaushe za su yanke ni?"

"Baba, ai ba sunan mace ba ne. Zailani Nu'uman. Aikin ƙoda, ranar Litinin."

Kulu ta karɓi takardar ta mayar cikin ambulan. Sai yanzu ta tuna bai taɓa ko ƙosai ɗaya ba a hanya, kuma hularsa ta yi masa yawa. Tsoro ya kama ta, wanda ya fi na ƙafa.

Ta same shi zaune a bakin tafki, ya dafe kwiɓi. Shekara arba'in da uku ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari.

"Inna, ya gwiwar?"

Ta zauna kusa da shi, ta ɗora masa ambulan a cinya.

"Zailani," ta ce, "me ka ci yau?"