Wakilin Maazou

Maazou yana hawa matakalar Gare de Lyon, tashar jirgin ƙasa a Paris, da gudu, jakar kundinsa na dukan cinyarsa, sai wayarsa ta yi ƙara. Jirgin unguwarsu, Sevran, ya ci masa minti ashirin a hanya kamar yadda ya saba, na Lyon kuwa saura minti shida ya tashi. Da wani ne ya kira, da ya bar wayar ta ƙaraci kukanta. Amma Illo ne, yayansa, daga Damagaram.

"Maazou, kun tashi lahiya? Ina sanyi?"

"Lahiya lau, Yaya. Ina gar, jirgi zai tashi. Takardar ta iso?"

"Ta iso, ga ta cikin aljihuna. Bayan azahar za mu zamna gaban alƙali. Abin da ka rubuta ciki, shi kake nuhi?"

"Haba Yaya, kai ne hwa. Duk abin da ka gani ka yi."

Illo ya ce, "To. Allah shi ba ka sa'ar jarrabawa."

Sai da jirgi ya fita daga Paris numfashin Maazou ya dawo daidai. Yau Alhamis ce, cikin watan Disamba na 2013, ranar da zai kare kundin digirinsa na dokta a Lyon. Yau ɗin ce kuma ranar da matarsa Batula za ta tsaya gaban alƙali a Damagaram tana neman a raba aurensu. Shekara shida da ɗaurin auren, sau biyu ya je gida, duka kwanakin in an haɗa ba su cika wata uku ba. Batula ungozoma ce a wani asibitin haihuwa, tana karɓar 'ya'yan mutane kullum, ita ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ba ta ce ya zage ta ba, ba ta ce ya hana ta komai ba. Ta ce dai ta gaji da auren waya.

Shi kuwa yana sonta, wannan ba ƙarya. Amma ranar jarrabawa malamai biyar ne suka sha fama kafin su daidaita a kanta, ɗaya ma daga Ingila zai taso, wa zai ce musu a ɗaga? Da alƙali ya ce ba zai saurari wakilin da ba shi da cikakken iko ba, Maazou ya zauna ya rubuta takarda mai kyau, irin ta wanda ya san aikinsa: ko zama ko rabuwa, abin da Illo ya yanke shi ya yanke. Bai ga dalilin gaya wa Illo abin da yake so ba. Illo ne ya karɓar masa auren, Illo ne ya tsaya a madadinsa ranar jana'izar mahaifinsu, Illo ne ke kai gaisuwar salla gidan surukai. Mutumin da ya yi maka wannan duka, sai ka koya masa abin da zai faɗa?

In dai maganar wakilci ce, ai Maazou ba a bayan kowa yake ba, a kanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Kundinsa a kan Majalisar Dattawan Ingila ne, ta shekara ɗari uku da wani abu da suka wuce, majalisar masu sarautar gado da manyan limaman coci. Aiki biyu suke yi a zaure ɗaya: su yi doka, su kuma yi shari'a. Da safe a yi gardama kan dokar saƙar ulu ko gyaran gada, kafin a tashi a saurari koken wata gwauruwa da dangin miji suka ƙwace wa gona. Abin da ya ja hankalin Maazou shi ne waɗanda ba sa zuwa. Wannan ya ce ƙafa ta kumbura, wancan ya ce ruwa ya cinye hanya, wani ya ce tsufa. Sai mutum ya nemi izinin sarki, ya rubuta takarda ya ba wani dattijo ƙuri'arsa. Har aka kai ga wani yana shiga zaure da ƙuri'un mutum goma a aljihu, dole majalisa ta ce kada kowa ya riƙe fiye da biyu.

Alhaji Salihu, mai sayar da shadda da ya ba shi ɗaki a Sevran, kullum sai ya tsokane shi. "Malam, shekara takwas kana bin bayan sarakunan Nasara da ba su zo taro ba! Su da suka mutu ma sun huta, kai ba ka huta ba." Shi ne dai ya ara masa kwat ɗin da ke jikinsa yau, hannuwan sun ɗan yi masa tsawo.

Ƙarfe biyu aka shiga ɗakin jarrabawa. Malamai biyar a dogon tebur, shi kaɗai a ƙaramin tebur yana fuskantarsu, bayansa 'yan ɗalibai da ba su kai goma ba. A lokacin sanyi agogon Lyon da na Damagaram ɗaya ne, don haka ya san a daidai wannan lokacin Illo yana tuɓe takalmi a ƙofar alƙali. Ya kashe waya ya fara bayani. Bakinsa bai yi masa gardama ba. Ya kawo sunaye da shekaru ba tare da duba takarda ba, malamarsa, wadda ta duba masa kundin, tana gyaɗa kai kamar ita ta haife shi.

An ci awa biyu kafin a zo kan baƙon Ingila, wani tsoho mai Faransanci a hankali, kamar mai taka ƙaya. Ya yaba aikin, ya buɗe wani shafi da ya naɗe.

"Tambayata ta farko ƙarama ce. Wanda aka ba wakilci, dole ne ya jefa ƙuri'a yadda mai ita yake so?"

"A'a," in ji Maazou. "Da zarar takarda ta shiga hannunsa, ƙuri'a ta zama tasa. Abin da ya gani a zaure da abin da zuciyarsa ta ba shi, da shi yake aiki. Akwai waɗanda suka jefa ta inda mai ita ba zai taɓa jefawa ba."

"Madalla. To, wajen ƙarshen ƙarnin sun hana amfani da wakilci in za a yanke hukuncin shari'a, amma suka bar shi a wajen yin doka. Ka ba da labarin a shafi biyu, ba ka faɗi ra'ayinka ba. Me ya sa suka yi haka?"

Amsar tana nan, ya sha faɗarta. "Domin doka ta kowa ce. Shari'a kuwa ta mutum ɗaya ce, mai suna, wanda ya taso ya zo ya tsaya. Suka ga bai kamata wanda bai ji muryarsa ba, bai ga fuskarsa ba, ya..."

Nan ya tsaya. Ya ɗauki kofin ruwa, har ruwan ya zuba a kan kundin. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba duk tsawon makonnin nan. Tsohon ya ɗauka zurfin tunani ne, ya yi murmushi ya ce amsar ta ishe shi.

Suka fitar da kowa, suka yi shawara, suka sake kira. Aka miƙe tsaye, shugabar zaman ta karanta sakamako: ya ci, da yabo mafi girma. Aka yi tafi. Kafin a buɗe kwalaben lemon da ya saya, Maazou ya sulale ya fita baranda ya kunna waya.

"Yaya, an gama. Na ci."

"Alhamdu lillahi. Barka, Dokta. Da Baba na da rai da ya ji daɗi." Muryar Illo ba ta tashi ba. "Mu ma mun gama."

"Sun ƙara mini lokaci?"

"Alƙali ya so ya ƙara. Ya ce wata huɗu. Ni na ce a'a."

Maazou ya jingina da bango. "Kai ka ce mi?"

"Na sake ta da sunanka, saki guda."

"Yaya! Wa ya sa ka? Ni na aike ka ka kashe mini aure?"

"Ka ce abin da na gani in yi. To, na gani. Ka san ta rame? Ka san tun bara ta bar zuwa suna da biki, don kar a tambaye ta yaushe za ka zo? Da alƙali ya ce wata huɗu, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin lulluɓinta. Sau nawa na je gidansu na ce wata huɗu, Maazou? Da bakina. Yau na kasa."

Maazou ya waiwaya. Ta gilashin ƙofa yana hango malamarsa tana nemansa da ido, riƙe da kofi biyu.

"Ta yi kuka?" ya tambaya daga baya.

"Da na hurta ta yi. Ni ma na yi." Illo ya ja numfashi. "Saurara. Idda wata uku ce, ƙofa ba ta ruhe ba. Amma ta ce in kome kake so, kar ka kira ta, kar ka rubuto. Ka zo ka tsaya gabanta. Ni kuma na ba alƙali takardarka, na ce na sauka. Kar ka sake aike na."

Ya koma ciki. Ya sha lemo, ya karɓi gaisuwa, aka ɗauki hoto. Malamarsa ta ja shi gefe ta tuna masa ranar Litinin zai fara aiki a cibiyar bincike a Paris, aikin shekara ɗaya da ta sha wahala kafin ta samo masa, kada ya makara ranar farko. Ya ce ba zai makara ba.

A jirgin yamma ya sami kujera kusa da taga. Baƙin ciki ya zauna masa a ƙirji, ya kasa ko kwance igiyar wuyansa. Zai je, ya gaya wa kansa, wallahi zai je. Ya ciro waya ya buɗe kalanda. Litinin aiki, kuma sabon ma'aikaci ba ya neman hutu a watan farko. Tsakiyar Janairu ranar sabunta takardar zamansa ce, in ya kuskure ta ya shiga uku. Fabrairu akwai taron masana a London, sunansa na cikin masu jawabi. Ya rufe kalanda ya buɗe jerin sunaye, yana gangarawa da babban yatsa. Kawu Abdulsalami yana da baki, surukansa na jin nauyinsa. Ko kuwa Inna Rékia, da yake mace ce, Batula za ta fi sakin jiki da ita.

Har ya danna lambar Kawu, ta fara ƙara, sannan ya gane abin da yake yi.