Akuya a Gangar Nakhle

Da wasu 'yan wasan barkwanci na talabijin suka zo daga Beirut neman tsakar gidan da za su ɗauki kashi ɗaya na shirinsu, Nakhle bai so ba. Matarsa Wadi'a ce ta matsa, wai ko ba komai duniya za ta ga itacen ɓaurenta a talabijin. Tsufa ya hana shi doguwar gardama, ya ce to.

Tukunyarsa ta jan ƙarfe suke so, wadda yake dafa arak, giyar inabi, da ita duk kaka. Kowa a ƙauyen ya san ta da karkataccen wuyanta. Daga cikinta ya cika tuluna ya ajiye don bikin jikansa Milad, domin a ƙauyukan tsaunin nan nasu arak ɗin gidan ango ake fara zuba wa surukai. Wanda ya kawo na kanti kuwa, ya gaya wa duniya gidansu ba mai hannun dafa shi.

Ko ɗigo 'yan wasan ba su ɗanɗana ba. Madara suka dama da ruwa ta yi fari kamar arak ɗin da aka surka, suka yi ta tangaɗin ƙarya a gabansa, har ya gaji da kallo ya shige ɗaki.

Ran da aka nuna shirin, shagon Dib, inda ake taruwa kallon talabijin, ya cika maƙil. Ashe labarin wani tsoho ne da akuya ta faɗa masa cikin gangar inabi, ya tsame ta ya yi gum, ya dafa ya kai wa masu biki. Baƙi suka sha, suka yi ta rige-rigen ban ɗaki, ango a gaba. Mutane suka yi dariya har da hawaye, kuma duk sanda aka hasko karkataccen wuyan nan sai a waiwayo a dubi Nakhle. Shi ma ya yi tasa ta yaƙe.

Washegari aka fara. A hanyar coci a tambaye shi lafiyar akuya, a kasuwa a yi masa kukanta. Mutanen da suka shekara arba'in suna shan arak ɗinsa ba ko ciwon kai, su ne kan gaba. Bai kula su ba. Ya ce a ransa ranar biki kofi zai yi magana.

Ana saura mako guda biki, ɗansa Jirjis, uban Milad, ya zo da yamma, ya zauna yana ta zancen tsadar man fetur. Nakhle ya bar shi ya gama kewaye-kewayensa. A ƙarshe Jirjis ya ce dangin amarya ma sun ga shirin, kuma wani ya gaya musu gidan wa aka ɗauka.

"Sun san wasa ne, Baba. Amma uwar amarya ta ce baƙinta ba za su iya ɗaga kofi ba tare da sun tuntsire ba. Ba ta so a mai da bikin 'yarta abin dariya."

"Ta ɗanɗana?"

"Ai ba ta ce ba shi da kyau ba."

Nakhle ya ji zafin maganar har cikin ƙashinsa, amma ba shi da ƙarfin faɗa. Ya tambaya ko Milad ya sani. Jirjis ya dubi ƙasa, ya ce ai Milad ɗin ne ya je kanti ya sayo arak, kwalayen ma suna cikin mota.

Tsohon ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce su je su shigo da kwalayen kafin maƙwabta su fito shan iska.