Bangon da Bai Rame Ba

Shekara huɗu Shagufta tana aiki a ofishin Mirza Sahib a Lahore, amma har yanzu mahaifiyarta ba ta iya yi wa dangi bayanin sana'arta ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Gidaje dai take zanawa, amma ba ita ke ƙirƙiro su ba, ba kuma ita ke gina su ba." Gaskiya ta faɗa. Mirza Sahib ne mai tsara fasalin gini. Yakan ɗauki fensir ya zana gida a tsaye, ya miƙo mata. Ita za ta zauna ta mayar da zanen abin da birkila zai iya bi: kaurin kowane bango, inda bututun ruwa zai ratsa, yadda taga za ta zauna ruwan sama bai shigo ba. Aikin na yi mata daɗi, don tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ta ƙyale shi sai ta san abin da ke riƙe da shi.

Da bazara ta kama, wani ɗan kasuwa ya kawo musu aikin gidan kakanninsa da ke cikin tsohon gari, bayan Ƙofar Delhi. So yake a mayar da shi masaukin baƙi. Gida ne na jan bulo mai hawa uku, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma ba wanda ya taɓa zana shi a takarda. Aka tura Shagufta ta auno shi.

Mutum biyu ne suka rage a gidan. A ƙasa, bakin titi, akwai Liyakat mai shagon kayan yaji. A can saman rufi kuma akwai Baba Inayat, kawun mai gidan, shi da tattabarunsa. Ba sa ga maciji da juna, kowa na cewa ɗan uwansa ne ke jawo ɓeraye.

Da ta koma ofis ta haɗa awon a kwamfuta, sai zanen ya ƙi rufewa. Daga waje faɗin gidan daidai yake. Daga ciki kuwa, in ta haɗa ɗakin gabas da na yamma da bangon tsakaninsu, sai a rasa kusan kamu biyu. Ta ce ko ita ta yi kuskure, ta koma ta sake aunawa. Abin ya fito yadda ya fito da farko, a kowane hawa.

Ta kai wa Mirza Sahib. Ya duba ta saman tabarau ya ce, "'Yata, gidan da ne. Mutanen da ba sa rowar bulo. Zana shi bango mai kauri ki wuce, mai gida na jiran mu."

"Sahib, duk bangayen gidan ramewa suke yi in ana hawa sama. Na ƙasa kauri, na sama siriri. Wannan kaɗai ne bai rame ba. Wa zai ɗora wa gida wannan nauyin har hawa na uku?"

"Wanda ke da kuɗin bulo."

"Ko wanda bai sa bulo a ciki ba."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Kin dai ƙudurta. To je ki, amma kada ki rushe musu gida, ba mu da na biya."

Washegari ta hau rufi. Ta auna daga gefen katanga zuwa inda bangon ya kamata ya ƙare, sai awon ya kai ta daidai ƙarƙashin akurkin tattabarun Baba Inayat. Tsohon na zaune a inuwa yana watsa musu gero.

"Baba, a gafarce ni, ina so in leƙa ƙarƙashin akurkin nan."

"Ki leƙa me? Kashi ne kawai a wurin, in kina so in ɗebo miki a leda."

Ta yi dariya ta tsuguna kusa da shi, ta buɗe masa zanen. Bai ko dubi takardar ba, amma da ta ambaci bangon sai hannunsa ya tsaya a cikin kwanon gero.

"Bangon aljanu kike nufi," ya ce. "Muna yara ba ma yarda mu kwana a jikinsa. Kana kwance sai ka ji ana tari a ciki, wani lokaci har hira. Kakarmu ta ce masu gidan na asali ne, mu dai mu yi bisimilla mu juya baya."

"Har yanzu suna hirar?"

"Ina! Tun da mahaifina ya gyara rufin nan suka yi shiru. Ya ce ruwa na zuba, ya kawo dutse ya shimfiɗa." Ya sake watsa gero. "Ni ma dai na daɗe ina so in san inda suka koma."

Shi da kansa ya kwashe tattabarun zuwa kwanduna, yana kiran kowace da sunanta yana ba ta haƙuri. Shagufta ta kira birkilan da ofishinsu ke aiki da shi. Suka ja akurki gefe, suka kankare ƙasa, sai ga faffaɗan dutse an liƙe shi da siminti. Birkila ya sassare gefensa, ya sa ƙarfe ya ɗaga.

Rami ne mai kusurwa huɗu, an shafe cikinsa sumul, ya miƙe ƙasa har inda hasken tocila ya gaza. Shagufta ta kwanta rub da ciki ta sa fuskarta a baki. Da farko ƙurar shekaru ce ta shaƙe ta. Can sai ta ji wata iska mai laushi na tasowa tana kaɗa mata gefen mayafi, da warin danshi da ƙamshin citta da barkono. Sai kuma murya, tar kamar a kunnenta.

"Wallahi tsohon nan na sama, da shi da tsuntsayensa, ban san wa ya fi wani ƙazanta ba."

Liyakat ne a shagonsa yake waya, hawa uku a ƙasa. Baba Inayat ya ture Shagufta gefe ya cusa kai cikin ramin.

"Na ji ka, ɓarawon ma'auni! Mai cakuɗa barkono da garin bulo!"

Aka ji wani abu ya faɗi a ƙasa, sai salati. Kafin su sauko Liyakat na tsakiyar titi ba takalmi, yana rantse wa maƙwabta cewa kabad ɗinsa ya zage shi. Bayan kabad ɗin suka sami wata 'yar taga mai raga, wadda ya ɗauka ado ce. Da suka bi ɗakunan sama suna ƙwanƙwasa bango, suka gano irinta a kowane hawa, an toshe da bulo an shafe da fenti. Ramin ya faro ne daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ko a tsakiyar bazara sai mutum ya ji sanyi a ƙafarsa.

Mirza Sahib ya zo da kansa ya gani. Ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, fuskarsa ta washe. "Shagufta, Allah ya yanke miki wahala. Ga hanya an gina mana tun kafin a haife mu. Duk bututun banɗaki da wayoyin wuta ki zuba su a nan. Ba sai mun fasa ko bango ɗaya ba."

Ta san gaskiya ya faɗa, aikin da zai ci mata wata guda zai ƙare a mako. Amma ta ce, "Sahib, in mun cusa bututu mun toshe shi. Ina zaton don ya kawo sanyin ƙasa cikin ɗakuna aka gina shi, a bar ni in ga ko yana aiki tukuna."

"In ba ya aiki fa?"

"Ni zan zana bututun da hannuna, ba za ka ji bakina ba."

Aka buɗe tagogin da aka toshe. Ta rataya ma'aunin zafi a kowane ɗaki, ta riƙa zuwa da rana tsaka tana dubawa, Baba Inayat na biye da ita yana tambayar me ya ce yau. Abin da ta samu bai kai yadda ta yi fata ba. Hawa na ɗaya ya yi sanyi sosai, na biyu da dama-dama, na uku kuwa yana nan kamar tanda. Kuma iskar da ke fita a sama ba ta kai wadda ke shiga daga ƙasa ba. Wannan ya fi komai tsaya mata a rai. Ina sauran ke zuwa?

Sai ta sayi turaren wuta mai yawa wurin Liyakat, ta sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta kunna shi a bakin ramin, ta hau tana bin hayaƙin hawa hawa. Tana kan bene na biyu ta ji ana dukan ƙofar gida kamar za a ɓalla ta. Wata dattijuwa ce a tsaye riƙe da ludayi, Gwaggo Parwin ta gidan da ke manne da su ta baya.

"Wace ce mai aikin nan? Ke ce? To zo ki ga kicin ɗina! Ina tuya, sai hayaƙi ya fara fitowa ta bayan tukwane, gida duk ya koma kamar hubbaren waliyyi!"

Shagufta ta manta ma da ba da haƙuri. "Gwaggo, ta wane bango?"

"Au, tambayata ma kike yi?"

Ta bi ta har kicin. Bayan kantar tukwane akwai raga irin ta shagon Liyakat sak, har zanen furen da ke jikinta. Ramin ashe reshe ya yi. Ta dubi azarar rufin kicin ɗin, ta ga irin sassaƙar da ke gidan da take aunawa. Gwaggo Parwin ta ce ita dai amarya aka kawo ta nan, amma ta taɓa jin surukarta na cewa gidajen biyu da can gida ɗaya ne, 'yan uwa suka raba da katanga. Baba Inayat, da ya biyo su yana haki, ya tsaya yana kallon rufin bakinsa a sake. Shekara saba'in yana gaisawa da mutanen gidan nan a titi, bai taɓa taka cikinsa ba.

A ƙarshe mai gida ya yarda a bar ramin a buɗe, a sa masa rumfa a sama saboda ruwa. Hawa na uku kaɗai aka sa wa na'urar sanyi. Bututun kuwa Shagufta ta zagaya da su ta bayan matakala, aikin da ya cinye mata fiye da watan da ta zata, Mirza Sahib na wucewa ta bayanta yana cewa, "Ke kika jawo wa kanki." Amma da aka sake kawo musu wani tsohon gida a unguwar masu tagulla, bai ko buɗe takardun ba ya ajiye su a teburinta. Daga nan duk aikin cikin tsohon gari ya zama nata, har wasu ofisoshin suka fara aron ta.

Gidan Gwaggo Parwin kuwa ba wanda ya ba ta aikinsa. Ranar Lahadi take zuwa da abin awonta, dattijuwar ta riƙe mata bakin tef ɗin tana mita.

"Ja sosai, Gwaggo, ya lanƙwashe."

"Na ja mana! Ke wai wa zai biya ki wannan wahalar?"

"Ba kowa. So nake in ga inda tsohuwar ƙofar da ta haɗa gidajen biyu take."

"To sha shayinki tukuna, ya fara hucewa. Ƙofar ba guduwa za ta yi ba."